Zango da Sansani: Alamun Tarihi a Hanyar Sokode zuwa Dapaong

Ƙasar Togo doguwa ce siririya, kamar rawanin da aka warware daga bakin teku zuwa iyakar Burkina Faso. Gaɓarta ba ta kai kilomita 60 ba, amma mai tafiya daga Lome zuwa Dapaong sai ya ci fiye da kilomita 600 a kan titi guda, wanda ya ratsa Atakpame da Sokode da Kara da Mango. Wanda ya bi wannan titi a yau zai ɗauka cewa haka ƙasar take tun fil azal, wato kowa daga kudu yake hawa arewa ko daga arewa yake gangarawa teku. To, ba haka abin yake ba shekara 150 da suka wuce. A wancan zamani babbar hanya daga gabas take fitowa ta nufi yamma, daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja, kuma jakunan fatake ne suka tattake ta. Alamun tarihin da matafiyi ke tararwa a Togo kashi biyu ne saboda wannan dalili. Akwai na hanyar da Turawa suka shata, waɗanda aka yi da ƙarfe da siminti aka rubuta musu shekara. Akwai kuma na tsohuwar hanya, waɗanda yawancinsu ba su wuce sunan unguwa ko na gari ba.

Na bakin teku ba su da wuyar gani. A Baguida, gabas da Lome kaɗan, aka ƙulla yarjejeniyar ranar 5 ga Yuli 1884 tsakanin wakilan Sarki Mlapa na Togoville da Gustav Nachtigal, wadda ta sa gaɓar ƙarƙashin Jamus. Ɗalibin tarihin ƙasar Hausa da Barno ya san wannan suna, domin shi ne Bajamushen da ya isa Kukawa a 1870 da kyaututtukan Sarkin Furusiya zuwa ga Shehu Umar. A 1897 aka ɗauke hedkwatar mulki daga yankin Aneho aka mai da ita Lome. Fadar gwamna da aka gama a 1905 tana nan tsaye, an gyara ta an buɗe ta ga jama'a a 2019. A bakin rairayi kuma ana hango ginshiƙan tsohuwar gadar ƙarfe da ta kutsa cikin teku domin sauke kayan jiragen ruwa, tsatsa na cin su, igiyar ruwa na dukansu. Jamusawa sun buɗe tasu a 1904, Faransawa suka yi wata a 1928, sannan ta Faransawan ma ta zama kufai bayan an buɗe babbar tashar jiragen ruwa a 1968. Teku ma ba ta bar gaɓar ta huta ba, ta riga ta cinye wani sashe na tsohon titin Lome zuwa Aneho.

A Agbodrafo, garin da 'yan Fotugal suka kira Porto Seguro, akwai gidan da ake kira Gidan Bayi. An gina shi wajen 1835, lokacin da Ingila ta riga ta haramta cinikin bayi kuma jiragenta na sintiri a teku, saboda haka a ɓoye ake harkar. Ƙarƙashin daɓen katako na falon gidan akwai wani ɗaki da tsayinsa bai wuce mita ɗaya da rabi ba, babban mutum ba ya iya miƙewa tsaye a ciki. Nan ake tsare mutane har jirgi ya zo. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan ɗaki a zuciyarsa, domin can ƙuryar arewa zai gamu da wani wuri mai kama da shi, sai dai mutanen can da ƙafarsu suka shiga.

Abin da ba a gani a tsakiyar Lome shi ne tsohon Zango. Hausawa da sauran 'yan arewa sun zauna a nan tun zamanin Jamus, suna cinikin shanu da goro da tufafi, kowane baƙo na da maigidansa da ke saukar da shi, ya tsaya masa a ciniki, ya lamunce masa bashi. A 1977 hukuma ta tashe unguwar, aka mai da mutanenta can arewacin birni, inda ake kira Agoe-Zongo yanzu. Unguwa ta tashi, sunan ya bi ta.

Kalmar ta cancanci a tsaya a kanta. A asalin Hausa zango shi ne wurin da ayari ke sauka ya kwana, daga nan kuma ya zama ma'aunin tafiya, a ce tsakanin gari kaza da gari kaza zango uku ne. Har yau ana cewa an ya da zango, kuma makarantu sun ari kalmar suna cewa zangon karatu. Amma daga Kwatano zuwa Kumasi, zango ya koma nufin unguwar baƙi Musulmi 'yan kasuwa, wadda ba ta tashi da asuba kamar yadda ayari ke tashi. Inda duk aka ji wannan suna a taswirar Togo da Gana da Benin, to fatake sun taɓa sauke kaya a wurin, wasunsu kuma ba su sake ɗaurawa ba.

Abin da ya kawo su goro ne. Goron da Hausawa suka fi so a dazuzzukan Asante yake fitowa, ana kawo shi kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja. Ayari kan tashi daga Kano da rani ƙarƙashin madugu, jagaba na gaba yana duba hanya da masauki, ɗauke da kanwa da turkuɗi da jan fata da sauran kayan ƙasar Hausa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan fatauci. Sukan ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa ko Illo, su ratsa Bargu ta Nikki, su sauka Jugu a arewacin Benin ta yau. Daga Jugu sai ƙasar Kotokoli, inda Sokode take, sannan su haye duwatsu su gangara Salaga. Wata hanyar kuma takan bi ta arewa, ta ƙasar Gurma, ta faɗo Mango ta wuce Yendi. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara guda. Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826, yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun kai dubu. Goro kuwa ɗan lele ne, sai an lulluɓe shi da ganye, ana buɗewa ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya lalace a duk tsawon tafiyar, in ba haka ba a isa Kano da asara.

Sokode tana da nisan kusan kilomita 340 daga Lome. Mutanenta suna kiran kansu Tem, maƙwabta kuma suna ce musu Kotokoli. Masu sarautarsu 'yan zuriyar Mola ne, waɗanda tarihin baka ya ce daga ƙasar Gurma suka fito suka fara zama a Tabalo, kan dutse, kafin su bazu su kafa masarautar Tchaoudjo, inda sarauta ke zagayawa tsakanin wasu ƙauyuka. Garin Sokode na yau haɗakar ƙauyuka ne da suka girma har suka cuɗe. Wanda ya fi shafar tarihin fatake a cikinsu shi ne Didaoure, mazaunin baƙi Musulmi 'yan kasuwa da malamai da masaƙa, wasu daga ƙasashen Mande, masu sunayen Traore da Toure da Fofana, wasu daga Dendi da ƙasar Hausa. Rabon aiki a bayyane yake: ƙasa da sarauta na 'yan gida, kasuwa da allo da limanci na baƙi. Sarki na karɓar kuɗin fito daga ayari, shi kuma ya tsare musu hanya. Irin wannan zaman ne ake samu a Jugu da Salaga da Yendi.

A ƙarshen ƙarni na 19 sarautar ta faɗa hannun Djobo Boukari na Kparatao. Ya karɓi Musulunci, ya tara rundunar mahaya dawaki da ake kira Semasi, ya faɗaɗa ikonsa a kan hanyoyin ciniki. Nan ne labarin ya daina zama mai daɗin ji. Mahayan nan hari suke kaiwa kan maƙwabtan da ba su da dawaki, su kamo mutane, kuma kasuwannin da ake sayar da goro su ne ake sayar da waɗannan mutane. Salaga kasuwar goro ce kuma kasuwar bayi ce, fatake sun sayi wannan sun sayi wancan, wasu bayin ma su ne suka ɗauko goron a ka har Kano. Mai son ya yi alfahari da nisan da Hausa ta kai a Afirka ta Yamma dole ya haɗa da wannan a lissafinsa.

A 1889 Djobo Boukari ya ƙulla yarjejeniya da wani likitan Jamus mai suna Ludwig Wolf. Tsakanin 1897 da 1898 Jamusawa suka kafa bariki a Sokode ƙarƙashin Dokta Kersting, mahayan Kotokoli kuma suka taimaka musu wajen murƙushe Kabiye da wasu al'ummun arewa. Abin da ya rage na wannan zamani yana unguwar ma'aikatu ta kan tudu: tsofaffin gine-gine masu kaurin bango, da maƙabartar Turawa, da layukan mangwaro da itacen tik da aka dasa da aikin tilas. Matafiyi kan sha inuwarsu ba tare da ya tambayi wanda ya yi dashen ba.

Akwai wata alama a Sokode da ba a gina ta da dutse ba, sai dai a jira watanta. A watan Mauludi ake bikin Adossa, inda maza da suka sha magani ke fitowa fili suna gwada wuƙa a jikinsu ba ta kama su, mahaya kuma su fito da dawakai cikin ado suna sukuwa. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa fassara, 'yan tauri ne da hawan sarki. Kuma watan ma abin lura ne, domin a cikinsa ake Sallar Gani a Daura, da Gani a Nikki, da Damba a ƙasar Dagomba. Wanda ya jera waɗannan garuruwa a taswira zai ga sun kusa zana masa hanyar goro.

Yadda aka yi wannan yanki ya zama na Jamus ma ya taɓa ƙasar Hausa kai tsaye. A ƙarshen 1894 wata tawaga ƙarƙashin Hans Gruner ta tashi daga kudancin Togo ta bi ta Mango da Gurma, tana rige-rige da Faransawa, har ta kai Gwandu a 1895, ta koma da takardar da ta ce Sarkin Gwandu ya sa wa hannu. Burin Jamus shi ne Togo ta miƙe har bakin Kwara. Bai cika ba. Yarjejeniyar Faris ta Yulin 1897 ta ba Faransa ƙasar Gurma, ta bar wa Jamus Mango, sannan a 1899 aka raba abin da ya rage da Ingila, Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi ta faɗa na Jamus. Da alƙalami aka datse hanyar fatake gida uku, kowane yanki da kwastansa. Kafin wannan ma hanyar ta fara rauni. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874 Salaga ta ɓalle daga Asante, Asante kuma ta karkatar da goronta zuwa wasu kasuwanni. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, 'yan kasuwarta suka bazu. Sannan goro ya koyi shiga jirgin ruwa zuwa Ikko, kuma da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 sai jaki ya rasa abin da zai yi takara da shi.

Cikin waɗanda suka bar Salaga akwai Malam Umaru, haifaffen Kano a 1858, wanda ya zauna a Kete-Krachi ya zama limaminta. Garin yana cikin Togo ta Jamus a lokacin. A can ya haɗu da jami'in Jamus Adam Mischlich, ya rubuta masa labaran ƙasar Hausa da al'adunta da ajami, Mischlich kuma ya fitar da ƙamusun Hausa da Jamusanci a 1906. Ɗalibin Hausa na da dalilin tuna wannan: wani babban kaso na tsohon rubutun zube na Hausa da ya iso hannunmu a zangon Togo aka rubuta shi, nesa da Kano da tafiyar watanni. Malam Umaru ya rasu a 1934. Tsohon garin Kete-Krachi kuwa ruwan tafkin Volta ya shanye shi bayan an gina madatsar Akosombo, saboda haka mai neman zangon da malamin ya zauna ba zai same shi a tudu ba.

Hausawa ba a ayari kaɗai suka shigo tarihin Togo ba. Rundunar 'yan sandan da Jamus ta kafa a 1885 ta ɗebi Hausawa da yawa a farkonta, ko da yake a bakin Turawan lokacin duk ɗan arewa Musulmi mai jin Hausa Bahaushe ne. Ingilishi ma haka suka yi a Gwalkwas. Da yaƙin duniya ya tashi a Agustan 1914, sojan Gwalkwas suka shigo Togo daga yamma, na Faransa daga gabas, suka nufi Kamina kusa da Atakpame, inda Jamus ta gina babbar tashar wayar iska mai magana da Balin kai tsaye. Jamusawa suka rushe ta da hannunsu, suka miƙa wuya ranar 26 ga Agusta. Ana cewa wani soja mai suna Alhaji Grunshi ne ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a duk wannan yaƙi, kuma a Togo ya harba ta. Kufan Kamina na nan cikin ciyawa. Jirgin ƙasan da Jamus ta faro daga Lome, Faransa ta ja shi zuwa Blitta, a nan ya tsaya, bai taɓa isa Sokode ba.

Daga Sokode titi ya haura ta tsagar dutsen Aledjo, ya wuce Bafilo ta masaƙa, da Kara, ƙasa na ƙara buɗewa, kuka da kaɗanya da ɗorawa na maye gurbin daji, har a kai kogin Oti. A bakinsa Mango take. A tsofaffin taswirori sunanta Sansanne-Mango, kuma kashin farko na sunan ba wani abu ba ne illa sansani, wato masaukin mayaƙa. Mutanen garin, Anufo ko Cokosi, N'Zara suke kiran garinsu. Sunan da fatake suka laƙaba ne ya shiga takardun Turawa, kuma sunan ya dace. Anufo daga ƙasar Ano ta Kwaddebuwa ta yau suka taso a ƙarni na 18, sojan haya ne ɗauke da bindigogi, suka yi wa sarakunan Gwanja da Mamprusi yaƙi, sannan suka kafa nasu zama a bakin Oti. Daga nan suka ɗora wa Moba da Gurma da sauran manoman yankin haraji na hatsi da dabbobi da mutane, wanda ya ƙi a kai masa hari. Ayarin da ke bin hanyar arewa a Mango yake sauka, a nan yake sayen guzuri da abin da harin ya samar.

Amsar da manoman suka bayar tana kudu maso yammacin Dapaong, a jikin wani dogon gangaren dutse da ke fuskantar fili. Can sama, inda dutsen ya tsage ya yi baranda, akwai kogwannin Nok da Mamproug. (Wannan Nok ba ta da alaƙa da Nok ta jihar Kaduna mai gumakan yumɓu, suna ne kawai ya zo ɗaya.) A cikin tsagar aka gina rumbuna na laka da ciyawa, wasu dogaye wasu kamar tulu, an jera su a manne da dutse, fiye da 100 a Nok kaɗai, wasu fiye da 100 a Mamproug. An ƙiyasta an yi amfani da su tsakanin ƙarni na 17 da na 19. Idan labarin mahara ya iso, ko lokacin karɓar haraji ya yi, sai ƙauye ya kwashe mata da yara da gero da kaji ya haye. Akwai ruwa da ke tsattsafowa daga dutsen, akwai hatsi a rumbu, doki ba ya hawa, mai bindiga a ƙasa ba ya ganin na ciki. An tarar da baka da kibau da kwari a wurin. Rufin ya yi ƙasa ƙwarai a wasu sassan, sai an sunkuya ake wucewa, kamar dai ɗakin nan na Agbodrafo.

Babu rubutu a jikin rumbunan, babu sunan sarki ko na magini. Duk da haka a duk tsawon titin daga teku babu alamar da ta fi su faɗin gaskiya game da abin da zamanin ayari ya zama ga wanda ba shi da doki kuma ba shi da bindiga. Togo ta sa su cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a shekarar 2000. A da ta saiwar itace da tsagar dutse ake kai wa gare su, yanzu an kafa tsani na ƙarfe da ake sauka ta kansa daga saman dutsen. Gabas da Dapaong kuma, a Namoudjoga, akwai zane-zane da jan launi a jikin wani dutse da ya yi rumfa, shaidar cewa mutane sun daɗe suna fakewa a duwatsun wannan yanki.

Dapaong kanta, wadda Turawa suka rubuta Dapango, ba ta da tsofaffin gine-gine irin na Sokode. Ana fassara sunanta da sabuwar kasuwa a harshen Moba, kuma girmanta na baya-bayan nan ne, bayan Mango ta rasa matsayinta kuma titin Lome zuwa Wagadugu ya zama jijiyar ƙasa. Ita ce hedkwatar jihar Savanes. Ƙasa da kilomita 40 daga nan akwai Cinkasse a bakin iyaka, kasuwar da 'yan Togo da Burkina da Gana da Nijar ke haɗuwa, inda Hausa ke cikin harsunan da ake ciniki da su. Manyan motoci ne ke wucewa yanzu, ɗauke da kaya daga tashar Lome zuwa Wagadugu da Yamai. Tun Nuwamban 2021 'yan bindiga daga ƙetaren iyaka suka fara kai hari a gabashin jihar. A Mayun 2022 suka kashe sojoji 8 a Kpekpakandi, a watan Yuni na shekarar aka kafa dokar ta-ɓaci a Savanes, ƙauyuka da dama suka watse, mutanensu suka kwararo Dapaong da 'yan kayansu a ka. Masu zuwa kallon rumbunan Nok sun ragu ƙwarai tun daga lokacin.